Tsohon Fim Ya Sa Ina Kulle Ɗakina Saboda Yayana

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wata budurwa mazauniyar Kaduna, wadda aka sa ranar aurenta bayan babbar salla. Ga abin da ta rubuto, a taƙaice:

"Anti, ina da yaya namiji wanda likitoci suka tabbatar yana da ciwon ƙwaƙwalwar nan da ake kira sikizofiriniya, shekara huɗu ke nan. Yana shan maganinsa, yana ɗinki a shagonsa, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Wanda zan aura mai son tsofaffin finafinan Turawa ne. Kwanan baya ya kunna wa 'yan gidansu wani fim mai ban tsoro mai suna Psycho, inda wani saurayi yake rikiɗewa ya koma mahaifiyarsa da ta mutu, yana kashe mutane. Da aka gama kallo sai gardama ta kaure. Yayarsa ta ce ai irin ciwon yayana ke nan, mutum biyu a jiki ɗaya, kuma ba ta yarda ya riƙa zuwa gidan ƙanenta bayan biki ba. Autansu ya ce fatalwar uwar ce ta shige shi. Shi kuwa wanda zan aura ya yi dariya, ya ce fim ne kawai, ya bar maganar. Ni ma na nemi fim ɗin na kalla, kuma tun daga ranar nake kulle ɗakina da dare. Yayana ya lura. Bai ce komai ba, amma ya daina shigowa wurina hira. Ina jin kunyar kaina, kuma ina jin tsoro. Yaya zan yi?"

'Yata, Allah ya sanya alheri a wannan aure, ya kuma ƙara wa yayanki lafiya. Bari in fara da tsoron da kike jin kunyarsa, domin a ganina shi ne mafi sauƙin warwarewa cikin duk abin da kika lissafa. Fim ɗin da kika kalla an ƙera shi ne musamman don ya hana mutum barci, kuma wanda ya ƙera shi gwani ne a wannan sana'a. Alfred Hitchcock, Baturen Ingila da ya koma Amurka da aiki, shi ya ba da umarninsa, aka sake shi a 1960. Da gangan ya ɗauke shi baƙi da fari alhali a lokacin ana yin finafinai masu launi, shi kansa ya riga ya yi da dama. Ya kafa wa gidajen sinima sharaɗi cewa kada a bar kowa ya shiga bayan an fara haskawa, saboda yana so a kama mai kallo tun daga farko a yi ta jan sa har inda ake so. Ya sa mutane suka ɗauka labarin wata mata ne da ta gudu da dala 40,000 na wurin aikinta, sai kawai aka kashe ta a banɗakin wani ƙaramin masauki tun fim bai kai rabi ba. Kiɗan da ya tsaya miki a rai, wanda yake ƙara kamar ana yanka, Bernard Herrmann ne ya tsara shi, kuma da kayan kiɗa dangin goge zalla aka yi shi. Jinin da kika ga yana bin magudana, ruwan cakulan ne, domin a hoton baƙi da fari ya fi kama da jini.

Janet Leigh, jarumar da aka nuna an kashe a banɗakin, ta san duk wannan. Tana tsaye a wurin aka shafe kusan mako guda ana ɗaukar wannan fitowa gaɓa-gaɓa. Duk da haka ta sha faɗa har tsufanta cewa bayan ta kalli abin da aka haɗa ta daina wanka a shawa sai in ba makawa, kuma in za ta yi sai ta tabbatar an kulle ƙofofi da tagogi. Idan wadda ta ga ruwan cakulan da idonta ta kulle ƙofa, ke da kika kalla ke kaɗai, wataƙila ma da dare a waya, ba ki yi wani abin mamaki ba. Ni kaina da na kalle shi shekaru masu yawa da suka wuce, a zamanin kaset, sai da na kwana biyu ina leƙa bayan labule.

Gardamar da ta tashi a falon surukanki ma ba sabuwa ba ce. Tun ranar da fim ɗin ya fito masu kallo suke saɓani a kansa. Wata dattijuwar mai sharhin finafinai a jaridar Observer ta Ingila, C. A. Lejeune, ta tashi ta fita tun ba a gama ba saboda ƙyamar abin da ta gani. Mai sharhin jaridar New York Times, Bosley Crowther, ya fara yi masa sharhi mai sanyi, amma kafin shekarar ta ƙare ya sa shi cikin finafinai goma da suka fi fice. An tsayar da fim ɗin takarar kyautar Oska, babbar kyautar finafinai ta Amurka, a rukuni huɗu, bai ci ko ɗaya ba, ga shi yau ana koyar da shi a makarantun fim. Abin da ya bambanta gardamarku da tasu shi ne, su a kan fasaha suke jayayya, ku kuwa an ɗauki fim an ɗora shi a kan mutum mai rai, wanda ba ya wurin ballantana ya kare kansa.

Ra'ayin yayar mijinki shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin kuskuren da ta yi kuskure ne da mutane masu ilimi da yawa suke yi, kuma yana da asali. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya ƙirƙiro sunan sikizofiriniya a 1908, ya haɗa kalmomi biyu na Girkanci masu ma'anar tsagewa da hankali. Abin da yake nufi shi ne, a jikin mai wannan ciwo tunani da shauƙi da fahimtar abin da ke faruwa sukan daina tafiya tare, kamar igiyar da zarenta ya warware. Jama'a kuwa da suka ji an ce tsagewar hankali, sai suka ɗauka mutum ne yake rabewa gida biyu, da rana wani da dare wani. Wannan fassara ta bi duniya, ta yi wa marasa lafiya ɓarna har ta kai likitocin Japan sun canza wa ciwon suna gaba ɗaya a 2002, saboda tsohon sunansa a harshensu ma yana nufin tsagaggen hankali, kuma iyalai sun koka da abin da yake jawo musu.

Mai sikizofiriniya mutum ɗaya ne, kafin ciwon ya tashi da lokacin da ya tashi da bayan ya lafa. Abin da yake fama da shi in ciwon ya motsa shi ne jin muryoyin da babu mai yin su, ko gaskata abin da ba haka yake ba, kamar a ce ana bibiyarsa ko ana sa masa wani abu a abinci, ko maganarsa ta riƙa tsalle daga nan zuwa can, ko ya janye jikinsa daga mutane ya daina kula da kansa. Ke kin fi ni sanin waɗanne ne daga ciki suka sami yayanki shekara huɗu da suka wuce. Ki tambayi kanki ko a cikin mafi munin kwanakinsa ya taɓa zama wani mutum dabam mai wani suna da wata murya. Na tabbata amsar ita ce a'a, yayanki ne dai a ruɗe kuma a tsorace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kimanin mutum miliyan 24 ne suke da wannan ciwo, wato kusan mutum 1 cikin 300, kuma ta ce aƙalla 1 cikin 3 na masu shi suna iya warkewa sarai. Da a ce kowannensu yana ɓoye wuƙa a bayan labule, da duniya ba ta zaunu ba.

Abin da fim ɗin ya yi iƙirarin nunawa wata lalura ce dabam. A ƙarshensa an kawo wani likita ya tsaya a ofishin 'yan sanda yana dogon bayani cewa saurayin ya kashe mahaifiyarsa da masoyinta shekara goma baya, ya kasa jure abin da ya aikata, sai ya ajiye gawarta ya ba ta rabin rayuwarsa, har ta kai uwar ta cinye shi gaba ɗaya. Wannan fitowa ita ce masu sharhi suka fi kushewa a fim ɗin, kuma ina tare da su, domin bayani ne irin na mai labari da ke neman ya ɗaure bakin jaka, an dai sa masa rigar likita ne. Akwai lalura ta gaske wadda mutum yake jin kansa ya rarrabu zuwa halaye biyu ko fiye, tare da giɓi a ƙwaƙwalwa, ya farka ya ga ya yi abin da ba ya iya tunawa. Likitocin Amurka sun sauya mata suna a 1994 daga lalurar mutane da yawa a jiki ɗaya zuwa abin da za a iya kira lalurar rarrabuwar kai, domin sun ga tsohon sunan yana ruɗar da mutane. Galibin masu ita an yi musu mummunan cin zarafi tun suna ƙanana, kuma in akwai wanda suke cutarwa, to kansu ne. Maganinta yawanci zama ne da masanin halayyar ɗan Adam na tsawon lokaci, saɓanin ciwon yayanki da ƙwaya ko allura ke riƙe shi. Tunanin cewa ɗaya daga cikin halayen nan dole ya zama makashi ya samo asali ne daga marubuta, tun daga labarin Likita Jekyll da Mista Hyde da Robert Louis Stevenson ya buga a 1886. Shi ma Psycho daga littafin ƙagaggen labari aka ciro shi, wanda Robert Bloch ya buga a 1959. Ke nan yayar mijinki ta yi tuntuɓe sau biyu: ta ɗauki ciwon da ba na yayanki ba ta ba shi, kuma hoton ciwon da ta ɗauka ma na marubuci ne.

Ba zan yaudare ki in ce babu wani abin lura ko kaɗan ba, domin in na yi haka ba za ki yarda da sauran maganata ba. Mai sikizofiriniya da ba ya samun magani, ko ya yanke shan sa, ko ya haɗa ciwon da wiwi ko wasu ƙwayoyin maye, yana iya yin abin da zai cutar da shi ko wani, musamman in ya gaskata cewa ana neman ransa. Amma wannan ba ya faɗowa daga sama a dare ɗaya kamar yadda fim ya nuna. Yana zuwa da alamu waɗanda 'yan gida ke iya gani kwanaki ko makonni kafin abu ya ƙazanta: barci ya ƙaurace masa, ya fara zargin abinci, ya riƙa magana shi kaɗai, ya daina buɗe shago, ya bar wanka. In kun ga haka, asibiti za ku mayar da shi da wuri ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba. Wannan shi ne tsaron da yake da amfani, kuma ya fi sakata nesa ba kusa ba. A mafi yawan lokuta masu irin wannan ciwo su ake zalunta, a cuce su a ciniki, a yi musu ihu a titi, a doke su. Kina da shaidar shekara huɗu ta mutumin da yake shan magani, yana auna mutane da tef, yana riƙe almakashi kullum a gaban kwastomomi ba tare da ya taɓa kowa ba. A ɗaya hannun kina da minti 109 na fim. Gani ya kori ji, kuma ke ce kika gani.

Maganar autansu ba ta dame ni a kan fim ɗin ba, domin mai kallo yana da damar fassara labari yadda ya ga dama, kuma yawancinmu da haka za mu fassara namijin da ke magana da muryar matacciyar uwarsa. Abin da nake gudu shi ne ranar da wannan fassara za ta tsallako daga talabijin ta sauka a kan yayanki, wani ya ce ai iska ce, a bar ƙwayar Bature a kai shi wurin mai magani. Ba na jayayya da samuwar aljanu, Alƙur'ani ya ambace su. Amma ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma maganin da ya mayar da yayanki kan keken ɗinki yana cikin wannan rahama. A yi masa addu'a, a yi masa tofi, ya riƙe azkar, duk babu wanda ya ci karo da ƙwayarsa. Yanke maganin ne hanya mafi sauri ta dawo da ciwon. Ku da kuke Kaduna ba ku manta da abin da aka gano a 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen da ake tsare su da mari da sunan gyaran hali. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta amince cewa mai irin wannan ciwo yana da haƙƙin a kula da shi da mutunci ba tare da wariya ba.

Yanzu kuma ga wanda za ki aura. Cikin mutum ukun nan shi ya fi kusa da gaskiya, amma shi ne ya fi ba ni damuwa. Gaskiya ne fim ne kawai, sai dai yayarsa ba sharhin fim take yi ba, hukunci ta yanke cewa ɗan'uwanki ba zai taka gidanki ba, shi kuwa ya yi dariya ya bar maganar a inda ta faɗi. Shi ya kawo fim ɗin gidan, yayarsa ce, gidan da ake magana a kai kuma nasa ne. Kada ki je ki yi musu da ita, domin amaryar da ba ta tare ba in ta fara sa-in-sa da yayar miji, ko da ita ce da gaskiya, ita za a riƙe a rai shekara da shekaru. Ki zauna da shi cikin natsuwa, ki gaya masa abin da maganar ta yi miki har da batun kulle ɗaki, sannan ki tambaye shi kai tsaye ko yayanki zai riƙa zuwa gidanku kamar kowane ɗan'uwa. Ki saurari amsar da kyau, ki lura ko ya ba ki ita a fili ko ya sake lulluɓe ta da raha. In ya ce zai zo, to shi ne zai sanar da yayarsa, cikin ladabin da ƙane ke yi wa yaya. In ya kasa, sai mahaifinki ko kawunki ya san halin da ake ciki tun kafin ɗaurin aure, domin tun ran gini ake zane.

Ina kyautata zaton cewa a ƙarƙashin maganar yayar tasa akwai tambayar da ta ji nauyin yi, wato ko ciwon yana bin jini. Wannan tambaya ce ta halal, kuma gara a amsa ta da a bar ta tana yawo a bakin mata. Gado yana da hannu a ciki, amma ba shi kaɗai ba. Cikin jama'a gaba ɗaya, kusan mutum 1 cikin 100 ne yake kamuwa a tsawon rayuwarsa. Ga wanda ɗan'uwansa na ciki ɗaya ke da shi, abin yana kaiwa wajen 1 cikin 10, ma'ana tara cikin goma ba sa kamuwa. Ga 'ya'yan da kawunsu ne mai ciwon, kamar waɗanda za ki haifa in Allah ya yarda, haɗarin ya yi ƙasa da haka sosai. In yayanki ya amince, kuma sai in ya amince domin sirrinsa ne, ki nemi angon ya raka ku ranar ganin likita, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko duk inda ake duba shi, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Bayani daga likitan gaske zai fi zama a zuciyarsa fiye da wanda kika kawo masa daga shafin shawara.

Saura yayanki, wanda shi ne aka fi yi wa rauni alhali bai kalli komai ba. Kulle ɗaki da dare ba laifi ba ne, budurwa tana da damar yin haka ko babu dalili. Abin da ya ji shi ne canjin, ƙanwar da ba ta taɓa kulle masa ƙofa ba ta fara. Mutumin da ya taɓa fama da ciwon zargi ya fi kowa saurin karanta fuska, kuma shirun da ba a yi masa bayani ba shi ne abincin wannan ciwo. Don haka kada ki jira ya tambaya, ba zai tambaya ba. Ki same shi a shago lokacin da babu kwastoma, ki ce masa: "Yaya, na kalli wani fim ne ya firgita ni har na rasa me nake tsoro, na ga ka daina zuwa hira, ka yi haƙuri." Wannan gaskiya ce kuma ta isa. Kada ki ba shi labarin fim ɗin, kada ki nuna masa, kada kuma ki kai masa abin da yayar mijinki ta faɗa, domin wannan kaya ne da ku masu lafiya ya kamata ku sauke a tsakaninku. In kin ga janyewar tasa ta wuce hira da ke kaɗai, har ta taɓa barcinsa ko aikinsa, ki sanar da mahaifiyarku a gaya wa likitansa.

Ranar da za ki je shagon, ki tafi da ɗaya daga cikin atamfofin da za ki sa a biki, ki ce shi kike so ya ɗinka miki, ki tsaya ya auna ki da kansa.